GWAJI YA CE BABU, ZUCIYA TA ƘI YARDA

 A wannan wata za mu taɓo wani ciwo da ke cin mata a ɓoye, irin wanda ba a iya faɗa wa maigida, ba a iya faɗa wa uwa, balle ƙawa. Mace ce wani dalili ya sa ta shiga zargin ko ta kamu da ƙwayar cutar HIV. Ta daure ta je asibiti, aka ɗebi jininta, sakamako ya nuna ba ta ɗauke da ita. Ta yi hamdala ta dawo gida, ranar ta ci abinci ta ƙoshi. Bayan kwana 3 ko 4 sai zuciya ta ce mata: anya kuwa? Ko dai an musanya jinina da na wata? Ko na yi gaggawar zuwa? Ko ma'aikaciyar ta tausaya mini ne ta ɓoye? Sai ta sake ɗaukar mayafi ta nufi wani asibitin da ba a san ta ba. Can ma amsar ɗaya ce. Ta je na uku, ta je na huɗu, takardu sun taru a ƙasan akwati, amma barci bai dawo ba.

Idan ke ce wannan, ko ƙanwarki, ko 'yar da kika aurar, ki sani ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Abu ne da likitoci suka daɗe da saninsa, kuma yana da magani. Sai dai kafin a kai ga maganin, dole a raba abubuwa biyu masu kama da juna, wato tsoron da ya saura bayan hatsari ya wuce, da kuma tsoron da ke da tushe domin hatsarin yana nan cikin gida har yanzu.

Mafarin abin kan bambanta. Wata an ƙara mata jini ne wajen haihuwa. Wata ta yi jinyar ɗan uwa ko miji da ya daɗe a kwance har ya rasu, bayan sadakar uku ta fara jin ana ƙus-ƙus. Wata reza ce ta yanke ta a wurin mai yankan farce, ko wanzami ya yi wa jaririnta aski da askar da ba ta ga an dafa ba. Wata kuwa saƙo ta gani a wayar maigida. Akwai kuma wadda wani kuskure na ƙuruciya, wanda ta tuba daga gare shi tun kafin aure, shi ne ke dawo mata duk dare.

Ba abin mamaki ba ne tsoron ya yi mana wannan kamun. An fara ba da rahoton cutar a Nijeriya a 1986, kuma zuwa 2001 gwajin da ake yi wa mata masu zuwa awo ya nuna kusan 6 cikin 100 na ɗauke da ita. Matan da suka yi wayo a waɗancan shekaru sun ga yadda mutum kan ƙanjame a kan tabarma, dangi na gudun kwanonsa, sun kuma ji sunayen da aka laƙaba wa cutar irin su kabari kusa. Wannan hoto shi ya zauna a zukata. To amma duniya ta sauya. Gwamnatin tarayya ta fara shirin ba da magani a 2002, ya koma kyauta a 2006, yau kuma yawancin masu cutar ƙwaya 1 suke sha a rana, suna aure, suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, suna tsufa. Babban binciken da aka yi gida-gida a faɗin ƙasar nan a 2018 ya sami kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, a Arewa maso Yamma ma kashi 0.6 ne. Sai dai binciken ya nuna mata sun ninka maza, kashi 1.9 a kan 0.9, shi ya sa ba za mu ce wa kowace mace tsoronta shirme ne ba.

ABIN DA GWAJIN KE GANI

Bari mu fara da takardar da ke hannunki. In an rubuta Negative ko Non-reactive da Turanci, ma'anarsu ɗaya ce, ba a ga alamar cutar ba. Gwajin gaggawa da aka fi yi a asibitocinmu, wanda ake tsira ɗan yatsa a ɗiga jini, ba ƙwayar cutar kanta yake nema ba. Yana neman wasu sinadaran kariya ne da jiki ke ƙerawa idan ƙwayar ta shige shi. Jiki kuwa ba ya ƙera su rana ɗaya, yana ɗaukar makonni. Wannan tazara, mu kira ta kwanakin ɓuya, ita ce kaɗai gaskiyar da ke cikin maganar nan ta “ko na yi gaggawa”.

Kwanakin ɓuya suna da iyaka, kuma an san iyakar. Gwajin ɗan yatsa yakan fara gani daga kwana 23, zuwa kwana 90 kuma ya gama kama wanda zai kama. Gwajin da ake ɗiban jini a jijiya a kai ɗakin bincike, mai neman sinadaran kariya haɗe da wani ɓangare na jikin ƙwayar, yana gani tsakanin kwana 18 da 45. Akwai mai tsada da ke neman ƙwayar kai tsaye, shi tsakanin kwana 10 ne da 33. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne. Ki tuna ranar da abin da kike tsoro ya faru, ki ƙirga wata 3. Duk gwajin da aka yi miki bayan wannan rana ya nuna babu, to zancen wancan abu ya ƙare. Maganar wata 6 da kike ji a bakin mutane ta zamanin tsofaffin kayan gwaji ce. Maganar cewa cutar na iya kwanciya shekara 10 kuwa an juya ta ne. Alamomin ciwo ne ke iya jinkirin shekaru kafin su bayyana, amma a duk tsawon shekarun nan da za a gwada jinin mutumin da an gani.

Masu bincike a waya sukan ci karo da labarin wani nau'i na biyu na ƙwayar, HIV-2, wanda aka fi samu a nan Afirka ta Yamma, sai hankalinsu ya sake tashi. Kayan gwajin da aka amince da su a asibitoci suna neman nau'o'in biyu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da kayan gwajin gaggawa sai yana iya kama aƙalla 99 cikin 100 na masu cutar. In kin yi sau biyu a wurare daban-daban bayan wata 3, ina kuskuren zai fito?

Wani abu da mata kan yi shi ne sayen kayan gwajin kai a kemis, su ga layi 1, su jefar, bayan awa 2 su koma kwandon shara su ɗauko suna haska shi da fitila ko wani layin ya fito. Kada ki yi haka. Kowane kayan gwaji yana da mintunan da aka rubuta a karanta shi a ciki, abin da ya bayyana bayan nan ba sakamako ba ne.

Game da reza da askar wanzami, ƙwayar HIV ba ta da juriya a wajen jiki, da jini ya bushe ƙarfinta ke raguwa ƙwarai. Ma'aikaciyar asibitin da allurar da aka zare daga jikin mai cutar ta soke ta nan take, hatsarin kamuwarta kusan 3 ne cikin 1,000, ina ga abin yankan farce? Kwano, buta, bayan gida, gaisawa, wankin kayan majinyaci da cizon sauro kuwa ba sa yaɗa ta. A nan zan ɗan ratse. Cutar da ya kamata aska ta tuna miki ita ce ciwon hanta nau'in B, wanda ƙwayarsa ke iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jiki, kuma yana da allurar rigakafi. Mata da yawa sun gwada HIV sau biyar ba su taɓa gwada wannan ko sau ɗaya ba. Ki riƙa ajiye sabuwar reza da abin yankan farcenki a gida, ki huta.

“TO AI INA JIN ALAMUN A JIKINA”

Nan ne gizo ke saƙar. Za ki ce kin rame, zani ya yi miki yawa, kina zufa da dare, cikinki na tsugi, harshenki ya yi fari, ga kaluluwa a wuya. Ba ƙarya kike yi ba, kina jin su da gaske. Amma ki duba yadda fargaba ke aiki a jikin ɗan Adam. Macen da ta yi wata 2 ba ta barcin kirki, ba ta iya haɗiye tuwo, dole ta rame. Tsoro na sa bugun zuciya, yana sa zufa, yana busar da baki har harshe ya yi fari, yana kuma tsinka ciki, kamar yadda ɗalibi kan yi ta zaryar bayi ranar jarrabawa. Kaluluwa kuwa kowa yana da ita a wuya da hammata da matsematsi, in kina latsa ta sau 20 a rana tilas ta yi tsami ta ɗan tasa. Sai ki ga alamar da tsoro ya haifar, tsoron ya ƙaru, alamar ta ƙaru.

Babu likitan da ke gane HIV da ido ko da alamu, da gwaji ake gane ta. Zazzaɓin da wasu kan yi a farkon kamuwa yana zuwa ne mako 2 zuwa 4 bayan shigar ƙwayar, ya wuce cikin 'yan kwanaki ko makonni, kuma bai da bambanci da mura ko maleriya. Ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, wanda muke haɗawa duka mu kira sanyi, yana samun mata masu yawan gaske da ba su da HIV, musamman masu ciki da masu ciwon suga.

Babbar asarar da nake hange a nan ita ce, idan zuciya ta kafe a kan cuta ɗaya, sai a bar wadda ke nan da gaske. Rama da zufan dare da tarin da ya wuce mako 2 na iya zama tarin fuka, wanda ake warkewa sarai. Rama da yawan ƙishirwa da fitsari na iya zama suga. Kasala da jiri na iya zama ƙarancin jini, abin da ya yi wa masu haihuwa kusa-kusa katutu. Don haka in kin shiga wurin likita kada ki ce “a gwada ni” kawai. Ki zayyana masa abin da kike ji, ki bar shi ya yi bincikensa.

WASWASI NE, KUMA KIN SAN HUKUNCINSA

Uwargida, kin taɓa ganin mai waswasin alwala? Ta wanke fuska, ta kai ƙafa, sai ta ce anya na shafi kai? Ta sake. Buta ta ƙare ta ƙaro ruwa, har lokacin salla ya nemi fita. Sake alwalar bai taɓa kwantar mata da hankali ba, ƙara wa waswasin ƙarfi yake yi. Shi ya sa a karatun Ahalari da muka yi a Islamiyya aka bambanta mutum biyu. Wanda kokwanto ya zo wa jefi-jefi ko alwalarsa ta karye, ya sake ta. Wanda kuwa kokwanto ya zame masa jiki, an ce ya yi watsi da shi ya yi sallarsa.

Abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka gano game da maimaita gwaji bai yi nisa da wannan ba. Duk gwajin da kika ƙara yana ba ki sauƙin kwana biyu, amma yana koya wa zuciyarki cewa na baya bai isa ba, don haka wannan ma ba zai isa ba. Haka duba harshe a madubi, haka hawa sikeli, haka kwana ana latsa waya ana neman alamomin cuta a intanet, haka tambayar 'yar uwa ma'aikaciyar jinya sau goma ko ta tabbata. Duk ƙarin ruwa ne a buta.

Kuma abin ba ya tsayawa a kanki ke kaɗai. Akwai mai yaye jariri ɗan wata 3 don kada ta shafa masa cutar da ba ta da ita, ta hana shi nonon da ke kare shi daga gudawa da ciwon haƙarƙari. Akwai mai ware kofinta da cokalinta, yara na kallo ba su san dalili ba. Akwai mai gudun shimfiɗar mijinta wata da watanni ba bayani, har ya fara zargin wani abu daban. Ga kuɗin adashe da na cefane da ke tafiya a ɗakunan gwaji, da wurin masu tallar maganin “wanke jini” a lasifika, waɗanda ba abin da za su wanke sai jakarki, wani jiƙon ma ya taɓa ƙoda.

Ga wadda tsohon kuskure ke bibiya, sau tari ba cutar take tsoro ba, gani take ba ta cancanci ta tsira ba, sai tana jiran hukunci. 'Yar uwa, HIV ƙwayar cuta ce, ba takardar shari'a ba. Ta kama jariran da aka haifa da ita, ta kama matan da ba su taɓa sanin wani namiji ba sai mijinsu. Gwajin jini ba zai amsa miki tambayar ko an yafe miki ba, ko da kin yi sau ɗari. Wannan tambaya wurin malama mai ilimi da riƙon sirri za ki kai ta.

IDAN HATSARIN YANA NAN

Duk abin da na faɗa a sama na wadda abin tsoronta ya faru ya wuce ne. Idan kuwa kina da hujjar cewa maigida na neman mata, ko an kawo amarya ba a yi gwaji ba, ko kin ga yana shan wani magani kullum yana ɓoyewa, to ke ba mai waswasi ba ce, kuma kada wani ya ce miki ki cire abin a ranki kawai. Gwajinki na yau yana ba da labarin wata 3 da suka wuce ne zuwa baya, ba ya ba da labarin gobe. Sannan sakamakonki ba na mijinki ba ne. Ana samun ma'auratan da ɗaya na da cutar ɗaya ba ta da ita shekara da shekaru.

Abin da zai kwantar da hankalin irin wannan mace shi ne a gwada kowa, miji da matansa. Na san faɗar haka ga maigida ba wasa ba ne, wani ji zai yi an zarge shi. Ki nemi lokacin da maganar ke da mashiga, kamar sa'ad da kika fara awo, inda ma'aikata kan bukaci miji ya zo, ko sa'ad da ake shirin ƙarin aure. A Jihar Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure, don haka uwargidan da ta nemi ganin an yi ba kishi ne ya sa ta ba. In bakinki ba zai iya ba, ki sa likita ko wani babba da yake jin nauyi.

In ya ƙi, ba ki rasa abin yi ba. Ki sami ma'aikatan sashen a asibiti ki faɗa musu gaskiyar halin da kike ciki, su tsara miki lokutan gwaji, ki kuma tambaye su maganin kariya da ake kira PrEP, wanda marar cutar ke sha don kada ya kamu, har mai ciki da mai shayarwa. Akwai kuma na gaggawa, PEP, wanda ake farawa cikin awa 72 bayan abu ya faru, kamar fyaɗe ko sukar allura, a sha kwana 28. Wadda ta sha shi likita ne zai sa mata ranar gwajin ƙarshe, domin lissafinta ya ɗan bambanta. Haka nan in ana miki awo aka ce za a sake gwaji a ƙarshen ciki, tsarin aiki ne, ba wani abu aka gani ba.

Ko da ta tabbata maigida na da ita, ba ƙarshen aure ba ne. A wani bincike da aka yi a ƙasashen Turai aka fitar a 2016, an bibiyi abokan zama bibbiyu har 888, ɗaya na da cutar yana shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a awon jininsa, ɗayan ba shi da ita. Sun sadu kusan sau 58,000 ba kororon roba, ba a sami ko mutum 1 da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Mijin da ya sani yake shan magani ya fi wanda bai taɓa gwadawa ba aminci nesa ba kusa ba.

YADDA AKE FITA

Mu koma ga wadda hatsarinta ya wuce. Ki zaɓi likita ɗaya ki tsaya a kansa, ki daina yawon asibitoci. Ki faɗa masa abin da ya faru da ranar da ya faru, da yawan gwajin da kika yi, kada ki rage ko ɗaya, domin adadin nan shi zai nuna masa ainihin ciwon. In wata 3 ba su cika ba, ku sa ranar gwajin ƙarshe. In sun cika, an gama. Daga nan aikin da ke gabanki shi ne hana kanki dubawa. Tsoron zai taso kamar zai kashe ki, ki bar shi, kada ki ɗauki madubi ko waya, ki tashi ki kama wani aiki ko ki shiga cikin mutane. Zai sauka da kansa, kuma kowane karo saukarsa za ta fi ta baya sauri. Kwanakin farko su ne masu wuya. Ki riƙe azkar da addu'a, amma ki lura kada su ma su koma abin ƙirgawa ana sakewa don an yi kokwanto.

In kin yi makonni kina ƙoƙari abin ya fi ƙarfinki, ba barci, ba cin abinci, kula da yara na gagara, to lokacin ganin likitan ƙwaƙwalwa ya yi. Kada sunan ya firgita ki, yawancin masu zuwa wurinsu damuwa ce da fargaba ke kai su, da ƙafarsu suke zuwa su koma gida. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran asibitocin koyarwa, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Suna da zaman tattaunawa da ake koya wa mutum yadda zai fuskanci tunanin ba tare da ya bi umarninsa ba, suna kuma da magungunan da kan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kafin a ji amfaninsu. Ki faɗa musu in kina da ciki ko kina shayarwa, kada kuma ki sayi maganin barci a kemis da kanki. Irin wannan waswasi yakan tsananta a lokacin ciki da bayan haihuwa, don haka mai jego da ta shiga wannan hali a kula da ita sosai.

Ke kuma uwa ko yaya da aka amince aka faɗa wa, kada ki yi dariya, kada ki ce mata ai rashin tawakkali ne, kada kuma zancen ya wuce kunnenki. Ki amsa mata sau ɗaya cewa gwajinta ya isa, in ta sake tambaya ki ce kin riga kin amsa, ki ja ta zuwa wata hira. Ba ki taimake ta ba in kika ba ta kuɗin gwaji na bakwai. Rakiya zuwa wurin likita ita take bukata. In kuwa kika ji ta fara cewa gara ta mutu ta huta, ko yaran za su fi jin daɗi ba ita, kada ki bar ta ita kaɗai, kada ki jira gobe, ki kai ta asibiti a ranar.